Tsakuren Kiɗa da Waƙar Haɗin Gwiwa: Amsoshin Tambayoyinku

Wasiƙun wannan wata sun karkata ga abu guda: tsakuren kiɗa, wanda 'yan situdiyo ke kira samful, inda furodusa zai yanko guntun sauti daga tsohon faifai ya gina sabon bit, wato kiɗan da ake ɗora baitoci a kai, a kansa. Akasarin masu tambayar mawaƙan gambara ne da ke aiki su biyu-biyu. Mun haɗa tambayoyin da suka yi kama da juna muka amsa su tare.

Mu biyu ne muke waƙar gambara. Furodusanmu ya yanko daƙiƙa huɗu daga wata tsohuwar waƙar Amurka ya sa a bit ɗinmu. Ya ce duk abin da bai kai daƙiƙa bakwai ba doka ba ta hana. Haka ne? — Wani mai karatu daga Kaduna

Ba haka ba ne, ɗan'uwa. Wannan zance na daƙiƙa bakwai, wasu su ce goma, wasu talatin, ya daɗe yana yawo a situdiyoyi, amma babu dokar ƙasar da ta rubuta shi. Abin da alƙali ke dubawa shi ne ko an ɗauki wani yanki mai muhimmanci daga aikin wani, kuma muhimmanci ba a agogo ake auna shi ba. Daƙiƙa uku na iya zama su ne zuciyar waƙar, waɗanda da an ji su kowa ya gane ta.

A Amurka ma, inda aka fi yin irin wannan shari'a, kotuna ba su yi baki ɗaya ba. A 2005 kotun ɗaukaka ƙara mai kula da jihohin Tennessee, Michigan, Ohio da Kentucky ta yanke hukunci kan daƙiƙa biyu na sautin jita da ƙungiyar N.W.A ta ɗauko daga faifan Funkadelic. An sauke muryar sautin, an maimaita shi, har mai sauraro da wuya ya gane asalinsa. Duk da haka kotun ta ce ko ka nemi lasisi ko ka bar samful, babu batun ƙanƙanta. A 2016 kuma kotun ɗaukaka ƙara mai kula da California ta saɓa wa wannan a shari'ar waƙar Madonna mai suna "Vogue", inda sautin ƙaho da ake rigima a kansa bai kai rubu'in daƙiƙa ba. Ta ce abin da mai sauraro na yau da kullum ba zai gane ba, ba a kama mutum a kansa. Ke nan a ƙasa ɗaya, makomarka ta dogara ga jihar da mai ƙara ya zaɓa ya kai ka, kuma ba kai ke zaɓa ba.

A Turai ma daƙiƙa biyu ce ta jawo shari'ar da ta haura shekara ashirin. Furodusan Jamus Moses Pelham ya yanko kiɗa daga faifan Kraftwerk na 1977 ya sa a wata waƙa a 1997. A 2019 babbar kotun Tarayyar Turai ta ce ɗaukar guntun sauti, komai gajartarsa, yana buƙatar izinin mai faifai, sai fa idan an sauya shi har kunne ba ya iya gane shi. To idan kunne ba ya gane shi, me ya sa za ka sha wahalar yanko shi? Wanda ya yanko samful dai don a ji ɗanɗanon tsohuwar waƙar ya yi.

Daƙiƙa huɗun naku idan aka maimaita su daga farkon waƙa zuwa ƙarshe, sun zama minti uku. Haka lauyan mai ƙara zai lissafa.

To idan za mu nemi izini, wurin wa za mu je, kuma yaya ake yi? — Wata mai karatu daga Jos

Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe, domin kowace waƙa da ke kan faifai dukiya biyu ce, ba ɗaya ba. Akwai waƙar kanta, wato baitocinta da karinta, wadda mallakar marubuci ce ko kamfanin da ke kula masa da waƙoƙinsa. Akwai kuma sautin da aka naɗa a situdiyo, wanda ake kira masta, kuma galibi yana hannun kamfanin faifai. Wanda ya yanko samful ya taɓa dukiyoyin biyu lokaci guda, don haka izini biyu yake buƙata daga ƙofofi biyu.

Beastie Boys sun ɗanɗana wannan. Sun biya kamfanin ECM dala 1,000 don daƙiƙa shida na busar sarewar James Newton, suka sa a waƙarsu ta 1992 mai suna "Pass the Mic". Ba su nemi izinin Newton a matsayinsa na marubucin kiɗan ba, shi kuwa ya kai ƙara. A ƙarshe sun yi nasara, domin kotu ta ga sautuka uku kacal ne a rubutaccen kiɗan, amma sai da aka shafe shekaru ana biyan lauyoyi. Takarda ɗaya da ta raba su da wannan wahala.

Ga yadda ake bi. Da farko ku zauna da furodusa ya rubuta kowane samful da ke cikin bit ɗin: sunan waƙar asali, mawaƙinta, daga minti kaza da daƙiƙa kaza zuwa kaza aka yanko, sau nawa ya fito a taku, kuma an bar shi yadda yake ko an sauya saurinsa. Kada ya ɓoye ƙananan, irin ihu ɗaya ko bugun ganga ɗaya. Sannan ku nemo masu haƙƙi. Na rubutacciyar waƙar Amurka ana samun su kyauta a rumbun bincike na intanet na ASCAP da BMI, ƙungiyoyin da ke karɓar wa marubuta waƙa kuɗinsu a Amurka, kuma sau da yawa za ku tarar marubuta uku ko huɗu ne, kowa da kamfaninsa, kowa kuma sai ya yarda. Mai masta kuwa ana ganin sunansa a ƙasan shafin waƙar a Spotify ko Apple Music, kusa da harafin P da ke cikin da'ira. Ku lura cewa tsofaffin kamfanoni sun sha sauya hannu, wanda ya buga faifan a da ba lallai ne shi ke riƙe da shi yau ba.

Daga nan sai ku aika wasiƙa tare da waƙarku da baitocinta a rubuce. Idan da Hausa kuka yi, ku haɗa da fassara, domin ba za su sa hannu kan abin da ba su san ma'anarsa ba. Mai rubutacciyar waƙa yakan nemi kafin alƙalami da kuma kaso a cikin mallakar sabuwar waƙar. Mai masta yakan nemi kafin alƙalami da kaso daga abin da faifan ya kawo, ko kuma kuɗi dunƙule da za a sake biya duk lokacin da aka kai wani adadi na saurare. Ku karanta iyakar lasisin da kyau: na ƙasa ɗaya ne ko na duniya, na shekara nawa ne, ya haɗa da bidiyo da talla da fim ko kuwa sauti kaɗai.

Abu biyu ke ba mutane mamaki. Na ɗaya, mai haƙƙi yana iya cewa a'a ba tare da ya ba da dalili ba, kuma babu hukumar da za ta tilasta shi. Na biyu, yana iya gindaya sharaɗi a kan baitocinku. Stevie Wonder bai amince Coolio ya yi amfani da waƙarsa ta 1976 a "Gangsta's Paradise" ba sai da aka cire ashar. Amsa kuma takan ɗauki watanni, don haka kada ku sa ranar fitar da waƙa kafin takarda ta zo hannu.

Na ji an ce wani Bamisire ya taɓa gurfanar da Jay-Z a kotu kan kiɗan Larabawa, alhali an ce an biya kuɗin kiɗan. Idan an biya, ƙarar ta mece ce? — Wani mai karatu daga Maraɗi

Wannan shari'a ta cancanci a tsaya a kanta, don ta tattara kusan duk tarkon da ke cikin harkar. Waƙar ita ce "Big Pimpin'", wadda Jay-Z ya yi da UGK, mawaƙa biyu 'yan garin Port Arthur na jihar Texas, Bun B da Pimp C. Timbaland ne ya haɗa kiɗan, ta fito a kundin Jay-Z na ƙarshen 1999. Sarewar da ke yawo a cikinta tun daga farko har ƙarshe ta samo asali ne daga "Khosara Khosara", wadda Baligh Hamdi ya tsara, Abdel Halim Hafez ya rera a 1957.

Timbaland ya ce shi ya ɗauka tsohon kiɗa ne da ba mai shi. Wannan shi ne kuskure na farko, kuma irinsa ake yi wa kiɗan Afirka da na Larabawa kullum: da an ji shi baƙo ne a kunne sai a ce na gargajiya ne. Bayan waƙar ta fita ta karɓu, kamfanin EMI reshen ƙasashen Larabawa ya taso, aka biya shi dala 100,000 a 2001. Kowa ya ɗauka magana ta mutu.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. A 2007 Osama Fahmy, ɗan ɗan'uwan Baligh Hamdi kuma ɗaya daga cikin magadansa, ya shigar da ƙara a Los Angeles. Hujjarsa mafi ƙarfi ba ta kuɗi ba ce. A dokar Masar, kamar ta Faransa da ƙasashe da dama, marubuci yana da haƙƙin kare mutuncin aikinsa, wanda ba a sayar da shi ko da an sayar da komai. Fahmy ya ce ɗora baitocin batsa a kan kiɗan Hamdi cin mutunci ne, kuma ba wanda ya tambayi iyalin. An kai har gaban masu taya alƙali yanke hukunci a Oktoban 2015, Jay-Z da Timbaland suka ba da shaida da bakinsu. Amma alƙaliya Christina Snyder ta kori ƙarar kafin a kai ga hukunci, bisa dalilin cewa Fahmy ya riga ya sayar da haƙƙinsa na cin moriyar waƙar a 2002, abin da ya rage masa shi ne haƙƙin mutunci na dokar Masar, shi kuwa kotun Amurka ba ta aiki da shi a kan waƙa. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da haka a 2018.

Jay-Z ya yi nasara, amma a lissafa: shekara goma sha ɗaya ana shari'a a kan kiɗan da aka riga aka biya. A ganinmu Fahmy ya faɗi ne saboda wurin da aka yi shari'ar, ba don kukansa ba shi da tushe ba. Masu karatunmu su lura cewa dokar Najeriya ta san haƙƙin mutunci, haka ma ƙasashen da suka gaji tsarin Faransa irin su Nijar da Kamaru da Chadi. Wanda ya ɗauki karin wata waƙar yabo ko ta bege ya ɗora mata zagi, ko da ya biya mai faifai, yana iya haɗuwa da iyalin marubucin a kotun gida, inda wannan hujja ke da haƙora.

Darasi na biyu daga shari'ar na masu saye ne. Kafin ka biya, ka nemi ganin yadda haƙƙin ya iso hannun mai sayar maka: daga marubuci zuwa wa, daga shi zuwa wa, da takardar kowane mataki. Sannan a rubuta a yarjejeniya cewa idan wani ya taso daga baya yana iƙirarin mallaka, mai sayarwar ne zai ɗauki nauyin shari'ar.

Ba mu da kuɗin lasisi. Shawararmu ita ce mu saki waƙar, idan ta karɓu sai mu biya daga abin da ta kawo. — Wasu masu karatu biyu daga Kano

Dabara ce da ta halaka waɗanda suka fi ku gata. Kafin waƙa ta fita, kuna da abin ciniki: in farashi ya yi tsada sai ku cire samful ɗin ku sa wani. Bayan ta fita ta karɓu, wuƙa da nama na hannun mai haƙƙi, domin ya san ba za ku iya janye ta ba.

Lord Tariq da Peter Gunz, mawaƙa biyu 'yan unguwar Bronx a New York, su ne misalin da ake bayarwa. Waƙarsu "Deja Vu (Uptown Baby)" ta shiga goman farko a jadawalin Billboard a 1998, an gina ta a kan farkon "Black Cow" ta Steely Dan ba tare da an share hanya tun farko ba. Da aka zo sasantawa, sai da aka biya sama da dala 100,000, kuma sunayen da ke kan waƙar a matsayin marubuta suka zama na Donald Fagen da Walter Becker na Steely Dan. Waɗanda suka rubuta baitocin suka rera, sun samu suna, kuɗin rubutu ya tafi wani gida.

Akwai kuma waɗanda ke aika wasiƙar neman izini, kafin amsa ta zo su saki waƙar. Wannan ya fi rashin tambaya muni. A 1991 Biz Markie ya nemi izinin Gilbert O'Sullivan, bai samu ba, ya saki waƙar haka. Alƙali Kevin Duffy ya ɗauki wasiƙar a matsayin shaidar cewa sun san abin na wani ne, ya buɗe hukuncinsa da dokar Attaura ta hana sata, aka janye kundin daga kasuwa. Tun daga wannan hukunci ne manyan kamfanoni suka fara tantance kowane samful kafin faifai ya fita. Irin wannan zargi ne mawaƙin Ghana Obrafour ya yi wa Drake a ƙarar da ya shigar a New York a 2023, yana neman dala miliyan 10: a cewar ƙarar, an aiko masa saƙon neman izini a watan Yunin 2022, kwanaki kaɗan bayan haka kundin ya fito ɗauke da guntun waƙarsa ta 2003 kafin ya amsa.

Game da diyya, dokar Amurka ta ba mai ƙara damar neman tsakanin dala 750 da 30,000 a kan kowane aiki, ta kai 150,000 idan an tabbatar da gangan aka yi, ko kuma ya nemi ribar da waƙar ta kawo. Kada kuma ku ce shekaru sun wuce an manta. A 2024 Kotun Ƙolin Amurka ta ce wanda ya shigar da ƙara a kan kari bayan ya gano an taɓa masa aiki, yana iya neman diyyar shekarun baya komai nisansu.

In kuɗi ne babu, hanya mafi sauƙi ita ce a kira makaɗi ya sake kaɗa wurin a situdiyonku. Hakan ya raba ku da mai masta, saura mai rubutacciyar waƙa kaɗai, wato rabin wahala. Amma rabin nan yana nan daram. Sugarhill Gang makaɗa suka sa suka sake kaɗa "Good Times" ta Chic a 1979, duk da haka sai da aka ƙara sunan Nile Rodgers da Bernard Edwards na Chic cikin marubuta.

Ni da abokina da furodusa muka yi waƙa. Idan mai samful ya karɓi kasonsa, daga rabon wa za a cire? Kuma idan aka kai ƙara, wa za a kama? — Wani mai karatu daga Kumasi

Babu dokar da ta raba muku wannan. Abin da kuka rubuta shi ne hukunci, in kuwa ba ku rubuta komai ba, rigima ce ke jiran ku.

Al'adar gambara ita ce a raba rubutacciyar waƙa biyu, rabi na kiɗa, rabi na baiti. Furodusa ya ɗauki kashi 50, ku biyu ku ɗauki 25 kowanne. A ƙaddara mai samful ya nemi kashi 40. Idan daga sama aka cire, saura 60: furodusa 30, ku kuma 15 kowanne. Idan kuwa daga rabon kiɗa aka cire, tunda furodusa ne ya kawo samful ɗin, shi zai tashi da 10, ku kuna nan da 25 ɗinku. Dubi tazarar da ke tsakanin lissafin biyu. Shi ya sa furodusoshi ke son na farko, mawaƙa ke son na biyu. Abin da muke gani adalci shi ne a duba wa ya kawo shawarar samful ɗin. In furodusa ne ya sa shi bai faɗa ba, shi ya ɗauka. In ku kuka ce lallai sai da shi, a raba asarar.

Takardar rabo ba ta wuce shafi ɗaya ba, kuma a ranar da aka gama naɗa waƙar ake cika ta, tun kowa na dariya. A sa sunan waƙa, kwanan wata, cikakken sunan kowa na gaskiya ba na fage ba, abin da ya yi, kasonsa, ƙungiyar karɓar kuɗin waƙa da yake ciki, jerin samful, da sa hannu. A ƙara layi uku: wa ke da masta, wa ke da ikon ba da lasisi ga fim ko talla, da abin da zai faru da waƙoƙin in kun rabu. A Amurka, in babu takarda, waɗanda suka rubuta waƙa tare rabonsu daidai ne ko da ɗaya baiti huɗu ya yi ɗayan amshi kawai, kuma kowannensu na iya ba wani lasisin da ba na keɓe ba, wato wanda bai hana a ba wasu irinsa ba, ba tare da ya tambayi ɗan'uwansa ba, muddin zai ba shi kasonsa. A Ingila kuwa sai kowa ya yarda. A Najeriya, sayar da haƙƙi ko ba da lasisi na keɓe ba ya inganta sai a rubuce.

Batun wa za a kama: mai ƙara yakan jero kowa, mawaƙa da furodusa da kamfani da mai rarrabawa, ya bar su su sasanta tsakaninsu. Lokacin da Syl Johnson ya kai ƙara a 2011 kan muryarsa da aka yanko daga waƙarsa ta 1967 aka sa a "The Joy", Jay-Z da Kanye West ya ambata duka, aka yi sulhu a 2012. "Ban sani ba" ba ta wanke mutum daga laifin, sai dai ta rage diyya. Don haka wanda aka gayyata ya sa baiti a waƙar wani, ya nemi a rubuta cewa mai waƙar ne ke da alhakin share duk samful.

Ina so in yanko kalangun Shata da amshinsa in sa a waƙata. Tunda ya rasu, kuma kiɗan gargajiya ne, ai na kowa ne? — Wani mai karatu daga Funtuwa

Kuskuren Timbaland ke nan, Malam, sai dai wannan karon a gida. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris ɗin 2023, tana kare waƙa har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai ita ya rasu. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, ke nan waƙoƙinsa na ƙarƙashin kariya har ƙarshen 2069. Na Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, har ƙarshen 2085. Haƙƙin ya koma ga magada kamar gona ko gida.

Sautin da aka naɗa kuwa shekara 50 ne wa'adinsa, don haka wasu tsofaffin faya-fayan sun fita daga kariyar masta a Najeriya. Amma kada wannan ya ruɗe ka. Ƙarewar wa'adin faifai ba ta shafi waƙar da ke kansa ba, kuma da ka ɗora waƙarka a intanet ta shiga ƙasashen da lissafinsu ya bambanta da namu.

Wahalar a nan ita ce gano mai magana da yawun gida. Magada suna da yawa, kuma izinin ɗa ɗaya da ka haɗu da shi a wurin biki ba zai hana sauran tasowa ba. Ka nemi wanda iyali suka wakilta ko wanda kotu ta ba takardar kula da gado, a rubuta, a sa shaidu. Sannan ka binciki wanda ya naɗi sautin, ko kamfanin faifai ne ko gidan rediyo, domin kaset ɗin da ke yawo a kasuwa ba shi ne shaidar mallaka ba.

Ko da a ce abin da ka ɗauko na gargajiya ne tsantsa, wanda ba a san wanda ya ƙaga shi ba, kamar waƙoƙin gaɗa ko na daɓe, dokar ta ware masa babi. Amfani da shi don kasuwanci ko a wajen muhallinsa na al'ada yana buƙatar amincewar Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya. 'Yan Nijar kuma ofishin BNDA mai kula da haƙƙin mallaka a ƙasarsu za su tuntuɓa a kan irin waɗannan al'amura.

In zaƙin kalangu kawai kake so, ɗauko makaɗi ka biya shi ya kaɗa maka sabo, ya sa hannu cewa sautin naka ne. Kalangu ba mallakar mutum ɗaya ba ne. Amshin Shata da karin muryarsa kuwa nasa ne.

Na sayi bit a intanet na biya, amma YouTube ta ce wani ne mai kiɗan, kuɗin tallan na tafiya wurinsa. — Wata mai karatu daga Zariya

Fara da duba abin da kika saya. Yawancin bit masu araha haya ce, ba sayarwa ba: furodusa na ba mutum ɗari lasisin bit ɗaya, kowanne da iyakar yawan saurare. Sai ɗaya daga cikinsu ya yi wa waƙarsa rajista a na'urar Content ID ta YouTube mai gano kiɗan da ke da mai shi, ita kuwa na'urar sauti take ganewa, ba ta karanta rasit, sai ta kama duk sauran. In haka ne, ki ƙalubalanci iƙirarin ta cikin shafinki, ki liƙa lasisinki, ki kuma sanar da furodusan. Mai iƙirari yana da kwana 30 ya amsa, in bai amsa ba iƙirarin ya faɗi.

In kuwa samful ne a cikin bit ɗin ya jawo, kada ki ƙalubalanta, don ba ki da gaskiya. Galibin irin waɗannan lasisi sun rubuta cewa share samful nauyin mai saye ne. Lil Nas X dala 30 ya sayi bit ɗin "Old Town Road", ashe akwai tsakuren Nine Inch Nails a ciki, daga baya aka sa Trent Reznor da Atticus Ross na ƙungiyar cikin marubuta. Ki kuma bambance iƙirari da gargaɗi. Iƙirari kuɗi kawai yake karkatarwa ko ya toshe bidiyo. Gargaɗi na zuwa ne in an nemi a sauke bidiyon bisa doka, yana ɗaukar kwana 90, kuma uku a lokaci guda na iya sa a rufe tasharki. Ƙalubalen ƙarya shi ke mayar da na farko ya zama na biyu.

Waƙarmu kyauta muke raba ta, kuma mun rubuta sunan mai kiɗan asali a ƙasa. Da sauran laifi? — Wani mai karatu daga Gusau

Da saura. Ambaton suna ladabi ne, ba izini ba ne, kuma rashin sayarwa ba ya halatta ɗauka. Mac Miller kyauta ya raba kundinsa na 2010, amma a 2012 Lord Finesse ya kai shi ƙara yana neman dala miliyan 10 kan bit ɗinsa na 1995 da ya hau, bisa hujjar cewa da wannan kyautar ya gina sunan da yake cika dandali da shi. Sulhu aka yi a wajen kotu, ba a bayyana abin da aka biya ba.